Mutum Ɗaya, Jarumai Biyar: Gardamar Masu Wasan Intanet

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet akwai masu tauna biyar, har goma, a lokaci guda. Ga bayani, musamman don iyayen da ke ganin yara sun duƙufa gaban allo, su kuwa ba su san dawan garin ba.

A wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, kowane mai wasa yana da jaruminsa da yake sarrafawa, ya yi yaƙi, ya tara zinariya ta cikin wasa. Akwai kogunan dodanni da aka tsara domin mutum biyar su shiga tare. To, sai wasu suka ga ba sai sun jira kowa ba: mutum ya yi rajista biyar, ya biya kuɗin wata biyar, ya sa wata manhaja wadda in ya danna maɓalli ɗaya duk jaruman za su motsa tare.

Hujjarsu ita ce da kuɗinsu suka biya, ba wanda suka yi wa sata. Gaskiya ne, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Wasan yana da kasuwa inda ake sayar da ganyaye da ma'adinai da aka tsinto a daji. Mai jarumai goma yakan tsinci rabon mutum goma a zagaye ɗaya, ya jibge kayan a kasuwa, farashi ya faɗi, yaron da ya wuni yana tsinta da jarumi ɗaya ya tashi a tutar babu. A fagen fama kuwa, sara biyar ne ke sauka kan mutum a daƙiƙa guda, abin da abokai biyar na gaske ba sa iya daidaitawa komai sabonsu da juna.

Shekara da shekaru Blizzard bai hana ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kuɗin mutum biyar ke shigo masa daga aljihu ɗaya. Sai a Nuwamba 2020 ya haramta irin wannan manhaja, a Mayu 2021 kuma ya haɗa da na'urorin da ke yin aikinta. Kamfanin CCP na ƙasar Aisilan, mai wasan EVE Online, ya riga shi tun Janairu 2015. Dukansu ba su hana mallakar rajista da yawa ba, abin da suka hana shi ne danni ɗaya ya motsa jarumai da yawa.

A ganinmu wannan hukunci ya yi daidai, ko da yake bai kashe maganar kasuwa gaba ɗaya ba. Dabarar kamfanin Ankama na Faransa ta fi kwantar da hankali: a 2017 ya buɗe wa masu wasan Dofus fage na musamman inda ba a shiga sai da rajista ɗaya, masu son garke kuma aka bar musu sauran fagagen.