A Ko B: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Manhaja

Mutum biyu na iya zama rumfa ɗaya a kasuwar Sanyinna, su buɗe manhaja iri ɗaya a wayoyinsu, amma abin da kowa ya gani daban. Sau da yawa gwaji ne: kamfani ya kasa masu amfani da manhajar gida biyu, wasu na ganin tsohon tsari, wato A, wasu sabo, wato B. Ta haka Google ya taɓa gwada launin shuɗi har kala 41.

Daga gona dabarar ta samo asali. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya kafa ƙa'idar raba filayen gwaji da ƙuri'a. Manomin Kebbe da ya shuka geron SOSAT inda shanu suka kwana da rani, ya kai tsohon iri jigawa, in kaka ta yi ba zai san ko iri ne ya yi kyau ko taki ba. Ƙuri'a ke kawar da wannan ruɗani, a gona ko a waya.

Tambayar da aka fi yi ita ce: B ya ɗara A, to gaske ne ko dace? Manhajojin nazari kan yi amfani da ma'aunin kashi 5 cikin 100. Ma'ana, ko da A da B ba su da bambanci, kusan gwaji 1 cikin 20 zai nuna kamar akwai. Wanda ya duba abubuwa ashirin a gwaji ɗaya, sau da yawa zai samu wanda ya “ci” bisa dace kawai.

Yaushe za a tsaya? A yanke yawan mutane da kwanaki tun kafin a fara. Mai leƙawa kullum, yana ganin B a gaba ya rufe gwaji, ƙara wa kansa kuskure yake yi. Akan cika mako ɗaya ko biyu, domin cinikin ranar kasuwar Tambuwal ba irin na sauran ranaku ba ne, kuma ɗokin sabon abu kan dushe.

In kuma ba a ga bambanci ba fa? Wataƙila mutanen da aka gwada ne suka yi kaɗan, wataƙila sauyin ne bai taɓuka komai ba. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci irin waɗannan gwaje-gwaje a Microsoft, ya bayyana cewa kusan ɗaya bisa uku kacal na dabarun da aka gwada a can ne suka inganta abin da aka nufa.