Maganin Ƙanjamau da Shayarwa a Ƙasar Daura

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake tsare jariri daga ƙwayar cutar ƙanjamau alhali uwarsa na ɗauke da ita. Ƙwayar kan shiga jikin ɗa ta hanya uku: yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu. Idan kuwa uwa ta lizimci magani, adadin kan sauko ƙasa da 5, domin magani na danne ƙwayar har ta yi ƙaranci ƙwarai a jini da nono.

A 1994 bincike a Amurka da Faransa ya nuna zidovudine na rage kamuwar jarirai da wajen kashi biyu bisa uku. A 2011 Malawi ta soma ɗora kowace mai ciki da ke da ƙwayar kan magani har iyakar rayuwarta, tafarkin da Nijeriya ma ke bi yanzu.

To, a ƙasar Daura, tun daga birni har Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, inda gizo ke saƙar shi ne shayarwa. Macen da ta hana ɗanta nono ta tona wa kanta asiri, don kuwa kafin ranar suna surukuwa da maƙwabta sun fara tambaya. Madarar gwangwani kuma tsada gare ta, ga hatsarin gudawa inda ruwa ba tsabta. Saboda haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta dace da mu: uwa ta sha magani kullum, ta ba da nono zalla wata shida, sannan ta ci gaba da shayarwa tare da abinci aƙalla shekara guda, ko ma biyu, wato daidai da lokacin yaye a al'adarmu.

A ganina, kalmar "zalla" ita ce mai wuya. Kaka ba ta yarda jariri ya wuni cikin zafin bazara ba ruwa, ga jiƙe-jiƙe, ga kunu tun da wuri, kuma irin wannan gauraye na ƙara hatsarin kamuwa. Haka nan mai jegon da ta tafi wanka gidan iyayenta kan yi nisa da asibitin da take karɓar magani, wata kuma kunya ta sa ta ɓoye shi. Ya kamata tun wajen awon ciki a tambaye ta inda za ta yi jego, a haɗa ta da asibiti mafi kusa, domin jaririn ma yana da nasa maganin na sha, da gwajin jini idan ya kai mako shida.