Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci: Doguwar Jinya da Muhimmancin Komawa Wurin Likita

Gabatarwa

Bahaushe bai ɗauki minshari a bakin komai ba. Abin barkwanci ne tsakanin jika da kaka, ko abin tsegumi tsakanin ɗaliban da suka haɗa ɗaki, wasu ma kan ce alama ce ta barci ya yi daɗi bayan gajiya. Sau da yawa kuwa haka abin yake. Amma akwai wani irin minshari mai zuwa da shiru a tsakaninsa: mai barci ya yi ta ja, can sai a ji tsit, har na kusa da shi ya soma tsorata, sa'an nan ya fizgo numfashi da ƙarfi ya ci gaba. Wannan shirun shi ne ciwon. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake jinyarsa shekara da shekaru, da kuma dalilin da ya sa komawa wurin likita ya zama wani sashe na maganin kansa.

Ma'anar Ciwon

Ya kamata tun da fari a raba shi da wasu abubuwa biyu da Hausawa suka sani. Na farko shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke bazawa; wannan ƙwayar cuta ce ke shiga jini. Na biyu shi ne dannau, wato mutum ya farka amma ya kasa motsi ko magana na ɗan lokaci. Ciwon da ake magana a kansa a nan dabam yake da su duka, shi ya sa aka kira shi ɗaukewar numfashi cikin barci.

Duk ɗalibin da ya yi darasin furuci ya san hanɗa da beli da tushen harshe, ya kuma san cewa a nan ake tare iska wajen furta baƙaƙe irin su /k/ da /g/. To, a daidai wannan wuri matsalar take. Idan mutum yana farke, tsokoki ne ke riƙe da hanyar iska a buɗe. Da zarar barci ya yi nauyi sai tsokokin su saki. Ga mai ƙunƙuntar maƙogwaro, ko mai kitse a wuya, ko mai gajeren muƙamuƙi, sai hanɗa da harshe su koma baya su rufe hanya. In rufewar ba ta cika ba, iska ta riƙa kaɗa naman wurin, shi ne minshari. In ta cika, numfashi ya tsaya. Daga nan iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta ta da mai barci na ɗan ƙiftawar ido, hanya ta buɗe, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Akwai wani nau'in kuma wanda hanya a buɗe take, amma ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin aika umurnin numfashi. Wannan bai kai na farko yawa ba.

Likitoci sukan ƙirga tsayawar numfashi ko raguwarsa idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, sa'an nan su duba sau nawa hakan ke faruwa cikin sa'a guda ta barci. Daga 5 zuwa 14 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ana gane wannan ta gwajin barci, inda ake manna wa mutum na'urori a ka da hanci da ƙirji da yatsa ya kwana da su. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 425 daga cikinsu nasu matsakaici ne ko mai tsanani.

Wanda ya farka sau 30 cikin kowace sa'a, ko ya kwana sa'a 8 a kan gado bai yi barci ba. Saboda haka ya kan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi a aji ko a ofis, ya riƙa mantuwa da saurin fushi, da dare kuma ga yawan tashi fitsari. Mafi muni shi ne gyangyaɗi a kan sitiyari. Har ila yau ciwon yana da dangantaka da hawan jini, musamman irin wanda ya gagari magunguna, da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Yadda Aka Samo Magani

A shekarar 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka fara bayyana wannan tsayawar numfashi bayan sun auna masu barci. Da farko babu magani ga mai ciwo mai tsanani illa a huda masa maƙogwaro a gaban wuya a sa bututu, domin iska ta kauce wa wurin da ke toshewa. Aikin yana yi, amma ba kowa ke iya zama da huji a wuya ba.

Sauƙi ya zo ne a 1980, lokacin da Colin Sullivan, wani likita a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostireliya, ya gwada hura iska a hankali ta hancin maras lafiya yana barci. Ƙarfin iskar sai ya tokare hanɗa da harshe, ya hana su rufe hanya, kamar yadda ginshiƙi ke tokare azara. Ya buga sakamakon gwajinsa a kan mutum 5 cikin mujallar Lancet a 1981. Wannan shi ne asalin na'urar da likitoci ke kira CPAP, wadda har yau ita ce kan gaba wajen jinyar ciwon. Ƙaramin akwati ce mai inji, da tiyo, da takunkumi wanda ake ɗaurawa a hanci ko a hanci da baki.

Akwai wasu hanyoyin. Likitan haƙori kan yi wa mai ciwo mai sauƙi ko matsakaici wata roba da zai kwana da ita a baki, wadda ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Wanda ciwonsa ke tashi sai in ya kwanta rigingine, ana koya masa kwanciya ta gefe. Wasu ana yi musu tiyata a rage naman maƙogwaro ko a gyara muƙamuƙi. A 2014 Amurka ta amince da wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙirji tana motsa jijiyar harshe, a watan Disamba na 2024 kuma ta amince da allurar tirzepatide ga masu ciwon da ke fama da ƙiba.

Abin da Ya Sa Jinyar Ba Ta Ƙarewa

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, na'urar nan tare ciwon take yi, ba ta kawar da shi. Misalinta misalin tabarau ne: idan yana fuska ana gani, da an cire shi ido ya koma yadda yake. An jarraba wannan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan cikin wani bincike da aka buga a 2011, inda aka dakatar da jinyar wasu majinyata na mako 2. Cikin 'yan kwanaki numfashinsu ya koma ɗaukewa, kafin ƙarshen lokacin kuma jininsu ya hau.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, kuma ta hanya biyu. Wani ya ji takunkumin ya dame shi, hanci ya bushe, iska na zurarewa tana hura masa ido, sai ya jefa na'urar ƙarƙashin gado bai gaya wa kowa ba. Wani kuwa daɗi ne ke yaudararsa: ya ga gyangyaɗi ya tafi, ƙarfi ya dawo, sai ya ɗauka ya warke. Mafi ƙarancin abin da aka saba nema ga majinyaci shi ne sa'a 4 a dare, cikin dare 7 daga kowane 10, amma abin da ake so shi ne duk tsawon barcin. Wani babban bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini su 2,717, ya ga cewa na'urar ta rage musu gyangyaɗi ta kyautata rayuwarsu, amma ba ta rage sabon bugun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Da aka duba, sai aka ga sa'a 3.3 kacal suke kwana da ita a tsakaitaccen lissafi, masana da dama kuma suna ganin wannan na cikin dalilan. Na'urar da ke ajiye a kwali ba ta yi wa kowa magani.

Bugu da ƙari, shi kansa ciwon ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Binciken da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana zuwa da ƙarin kimanin kashi 32 na yawan ɗaukewar numfashi, raguwar kashi 10 kuwa na zuwa da ragin kimanin kashi 26. Ke nan ƙarfin iskar da ya wadatar bara, ta yiwu bana ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Tsufa ma na sauya al'amarin, haka nan ɗaukewar al'ada ga mata.

Me Ake Yi Idan An Koma?

Makonnin farko su ne mafi muhimmanci, domin yadda mutum ya saba da na'urar a lokacin, galibi a haka yake ɗorewa. Shi ya sa likitoci kan so ganin majinyaci cikin wata 1 zuwa 3 da farawa, daga baya in komai ya daidaita, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Abu na farko da ake dubawa shi ne na'urar, domin na zamanin nan suna rubuta tarihin kowane dare: sa'a nawa aka kwana da su, iska nawa ta zurare, sau nawa numfashi ya tsaya duk da ana jinya. Wannan shaida ce wadda mai barci ba zai iya bayarwa da bakinsa ba. Da ita likita ke ƙara ƙarfin iska ko ya rage. Na'urorin sukan yi aiki ne tsakanin lamba 4 da 20 bisa ma'auninsu. Da ita kuma ake gano 'yan tsirarun da, bayan an buɗe musu hanya, sai nau'in nan na ƙwaƙwalwa ya ɓullo, su bukaci wata na'ura dabam.

Na biyu shi ne takunkumi. Robarsa na saki da tsufa, kuma wanda ya dace da wannan fuska ba lalle ya dace da waccan ba. Sau tari sauya takunkumi kawai, ko haɗa tukunyar ruwa mai jiƙa iskar, ko maganin toshewar hanci, shi ke dawo da wanda ya yi niyyar dainawa.

Na uku shi ne jikin majinyacin: nauyi, da jini, da yawan gyangyaɗi. Akwai ma'aunin tambayoyi 8 da Murray Johns ya fitar a Melbon a 1991, mai maki daga 0 zuwa 24, wanda duk ya haura 10 gyangyaɗinsa ya wuce kima. Ana kuma tambaya game da magungunan sa barci da masu kashe zafi masu ƙarfi da giya, domin duk suna tsananta ciwon. Yana da kyau a je da miji ko mata, saboda abokin kwana ne ke jin abin da mai barci ba ya ji. Idan nauyi ya sauya ƙwarai, ko alamomi suka dawo, ko bayan tiyata, sai a sake gwajin barci. Mai robar baki kuwa, likitan haƙori ne zai riƙa duba shi, don robar na iya karkatar da haƙora da daɗewa.

Akwai wani amfanin kuma. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, saboda soson da ke rage ƙarar injin yana iya ruɓewa mutum ya shaƙa. Irin wannan labari ya fi saurin isa ga wanda bai yanke hulɗa da asibitinsa ba.

Jinyar a Ƙasar Hausa

Mai wannan jinya a ƙasar Hausa yana da nasa matsalolin. Wuraren gwajin barci ba su da yawa, na'urar daga waje ake kawo ta, ga tsada. Tana bukatar lantarki dare farai, saboda haka sai an tanadi batir ko wutar sola kafin a dogara da ita. Ƙurar hunturu kan toshe matatarta da wuri, bushewar iskar lokacin kuma na ƙara bushewar hanci, don haka wajibi ne a riƙa duba matatar ana tsabtace takunkumi. Sayen na'ura a hannun wani, a ci gaba da amfani da ƙarfin iskar da aka auna masa, daidai yake da aron tabarau. Haka kuma kada a ɗauka cire beli irin na wanzamai zai magance wannan ciwo, domin toshewar ta haɗa da hanɗa da harshe da bangon maƙogwaro baki ɗaya. Wanda za a yi wa tiyata kowace iri, lalle ne ya sanar da likitoci yana da ciwon kafin a sa shi barci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa ɗaukewar numfashi cikin barci ciwo ne da ake zama da shi, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Maganinsa yana aiki daren da aka yi amfani da shi, jikin mai shi kuma yana sauyawa, don haka dole a riƙa auna maganin da jikin lokaci zuwa lokaci. Masu hikima sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda takunkumi ya dama, ko ya ajiye na'urarsa wata da watanni, ya je ya faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin nauyi ba, domin yawancin abin da ke sa a daina yana da gyara, kuma gyaran yana wurin da aka fara jinyar.