Albasar Aliero da Binciken Google: Ina Mai Sabuwar Sana'a Zai Fara?

Matashi a Jega ko Maiyama yakan zuba ɗan jarinsa wajen buɗe shafin intanet, ya zauna jiran Google ta turo masa mutane. Hanyar ta yi tsauri: tun 2024 Google ke ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, mai tambaya ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba.

Sai dai na'ura ba ta da buhun albasa. Dillalin Legas da ya rubuta "albasar Aliero" farashin yau yake nema, da wanda zai loda masa mota. Irin wannan binciken yana kawo ciniki har yanzu. Sanya shago a Google Maps kyauta ne; abin da ya rage hoton kaya, sunan gari daidai, da lambar da ake ɗagawa idan an kira.