Wa ke gyara titi idan tankar mai ta faɗi?

Kwalta daga ɗanyen mai ake samun ta, shi ya sa fetur da gas ke narkar da ita. Idan tanka ta kife man ya malala a kan titi, sai ya ratsa ya saki danƙon da ke riƙe da tsakuwa. Fetur yakan bi iska da wuri, gas kuwa yakan kwanta ya yi ta ci. Bayan 'yan kwanaki wurin zai yi laushi, tayoyi su fara tsince tsakuwar, ruwan damina ya ƙarasa sauran ya zama rami. Idan wuta ta tashi, kwaltar ƙonewa take yi ƙurmus. Gyaran gaskiya shi ne a zuba yashi ya shanye man, a kwashe, a yanke duk inda ya jiƙu, a sake shimfiɗa sabuwa. Cike ramin da marmara ba ya kai wata damina.

A ƙaramar hukuma irin Ungogo ta jihar Kano ɓarnar ba ta tsayawa a kan titi. Gidaje da gonaki a manne suke, daga Bachirawa har Fanisau da Rangaza, kuma man da ya bi magudana yana iya kaiwa ga rijiya ko lambu. Abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ranar 15 ga Oktoba 2024, ya nuna mafi munin abin: man ya gangara magudana, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu.

Idan tanka ta faɗi, mai unguwa da dagaci ofishin ƙaramar hukuma suke fara sanarwa, amma ba kowane titi ne nata ba. Manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Katsina na tarayya ne, kuma hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ce ke kula da su. Na jihar Kano suna hannun hukumar gyaran tituna ta jiha, KARMA. Abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne titunan cikin gari, hanyoyin ƙauye da magudanan ruwa, wato daidai inda man ke gangarawa.

Batun kuɗi ne ya fi wuya. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Shugaban ƙaramar hukumar da ke son gyaran gaggawa sai ya rubuta takarda ya jira amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi, rami kuwa yana ta faɗi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ko kuɗin ya iso, albashin ma'aikata da malaman firamare ke cinye kaso mai tsoka.

Akwai kuma mai tanka. A doka shi ne ya kamata ya biya ɓarnar, kuma dole motarsa ta kasance da inshora. Amma inshorar dole tana da iyaka a kan abin da take biya na dukiyar wasu, kuma wannan iyaka ba ta kai kuɗin sake kwalta mai tsawo ba. Ga shi karɓar diyya na buƙatar rahoton 'yan sanda, hotuna da kimantawar injiniya tun ranar farko. Sau da yawa ana janye motar kafin a rubuta komai.

Abin da ke hannun kansiloli shi ne su ware kason gaggawa a kasafin kowace shekara, wanda sashen ayyuka zai iya taɓawa cikin kwana ɗaya don yashi, shinge da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, sannan a bi mai mota da hukumar da ke da titin a karɓo abin da aka kashe.