Tsutsa Mai Haske da Yaranmu 'Yan Makaranta

Jama'ar Zango, mu malamai mun daɗe muna koya wa yara darasin jijiyoyi da alli da allo kawai. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ganin jijiya da idonsa ba. To, akwai wata 'yar tsutsa da ke maganin wannan.

Sunanta C. elegans. Tsawonta milimita 1 ne, tana zaune cikin ruɓaɓɓen tsiro, ba ta cutar da mutum, kuma cikin kwana 3 take girma. Jikinta garai yake kamar gilashi, ƙwayoyin jijiyarta kuwa 302 ne cif. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya zaɓe ta don bincike, ya sami kyautar Nobel a 2002.

A 1962 Osamu Shimomura na Japan ya gano sinadarin GFP a jikin wata halittar teku mai siffar lema. A 1994 Martin Chalfie na Amurka ya dasa ƙwayar gadon sinadarin cikin tsutsar. Da aka haska mata shuɗin haske, sai jijiyoyinta suka yi kore shar, tana raye tana tafiya.

Ga aikin da ɗalibi zai iya yi. Tsutsar tana da ƙwayoyin jijiya 6 masu jin taɓi mai sauƙi. Ya dube su a madubin ƙara girma, sannan ya liƙa gashin gira a tsinken sakace, ya shafi gaban jikinta sau 10, ya ƙirga sau nawa ta ja da baya. Sai ya gwada da wadda waɗannan jijiyoyin nata suka lalace, ya rubuta bambancin.

Kada iyaye su ce wasa ne. Danginta ɗaya da kurkunu, wanda aka tabbatar Ghana ta rabu da shi a 2015, da tsutsar da ke makantar da mutane a bakin koguna. Maganin ivermectin ma jijiyar tsutsa yake shanyewa, kuma C. elegans ta taimaka aka gane yadda yake aiki.

Sai dai dokar Ghana ta 2011 ta hana shigo da halittar da aka sauya wa gado ba tare da izini ba. Don haka hanya ita ce ta jami'a. Daga Nima ko Maamobi zuwa Legon ba nisa. Shugabannin makarantu su rubuta takarda su nemi a karɓi ɗalibanmu ziyara, iyaye kuma su haɗa kuɗin mota, kada a bar 'yan mata a baya. Allah Ya yi wa yaranmu albarka.