Ƙarfen Da Ke Cikin Jininmu

Ƙarfen da maƙeri ke ƙera fartanya da shi, irinsa ne ke cikin jininmu, kamar giram 4 kaɗai a jikin babban mutum. Shi ke ɗaukar iska daga huhu zuwa ko'ina a jiki. In ya yi ƙaranci, sai kasala, da haki, da jiri.

Mace mai ciki ta fi kowa shiga hatsari, gama jinin mutum biyu take yi. Mu ba ta wake, da zogale, da nama. Tsoka ba ta maigida kaɗai ba ce! Lemo yana taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen, amma shayi tare da abinci yana tauye shi. Ƙwayoyin ƙarin jini na asibiti kuwa, ko bayan gidanta ya yi baƙi, kada ta daina sha.